Gyambon gefen harshe ya kwana 24, ina tsoron zuwa asibiti

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 34, da 'ya'ya uku. Tun ina makaranta nake fama da ƙananan gyambuna a baki, su fito su yi kamar mako guda su tafi. Wannan karon wani ya fito mini a gefen harshe ta hagu, can ciki, faɗinsa ya kai farcen babban yatsa, yau kwanansa 24. Tsakiyarsa fari-fari ne, kewayensa ja. Ba na iya tauna sai na karkatar da kai, magana ma da ƙyar. Na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta bai yi ba, na daka asfirin na barbaɗa sai ma ya ƙara faɗi. Akwai turmin haƙorina da ya gutsure watannin baya a wannan ɓangaren. Al'adata tana zuwa da yawa, ina yawan jin gajiya. Ba na shan taba. Maigidana ya ware mini kofi da cokali don kada yara su ɗauka. Na duba intanet na ga hotunan kansar baki, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ina tsoron zuwa asibiti a faɗa mini abin da ba na so in ji. Mene ne wannan, kuma me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya sawwaƙe.

Bari in fara da abin da kike gudu, tunda shi ya hana ki barci. Ki je a duba bakin nan cikin makon nan, kuma in so samu ne likitan haƙori za ki fara gani. Lissafin kwanakin ne ya sa na ce haka. Naman cikin baki yana cikin wuraren da suka fi saurin warkewa a jiki. Sau nawa kika ciji harshe har ya yi jini, bayan kwana uku kin ma manta? Shi ya sa likitoci suka sa iyaka a mako uku. Duk gyambon bakin da ya haura mako uku bai rufe ba, sai wanda ya san aikin ya gan shi da ido, ya taɓa shi da hannu. A Ingila rubutacciyar ƙa'ida ce ma: gyambon bakin da ba a san dalilinsa ba, in ya wuce mako uku, a tura mai shi wurin ƙwararre da gaggawa. Naki ya tsallake iyakar da kwana uku.

To, yanzu ki ja numfashi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kusan duk abin da kika lissafa yana nuna hanyar da ta fi sauƙi nesa ba kusa ba da wadda kike tsoro. Kin ba ni dalilai uku da kowanne shi kaɗai zai iya riƙe gyambo har tsawon wannan lokaci, ke kuma kin haɗa su duka a baki ɗaya.

Na farko shi ne tarihinki. Ƙananan gyambunan nan da kike yi tun kina makaranta ciwo ne sananne, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da shi a wani lokaci na rayuwarsa, kuma yana bin dangi. Iri uku ne. Akwai ƙarami, wanda bai kai santimita 1 ba, ya yi mako ɗaya zuwa biyu ya tafi ba tabo. Shi ne mafi yawa, shi kika saba da shi. Akwai masu fitowa tsilli-tsilli kamar kan allura, da yawa a lokaci guda, wani lokaci su haɗe su zama ɗaya. Sai babba, wanda ya haura santimita 1, mai zurfi kamar an ƙwaƙule wurin, wanda kan kai mako shida yana gasa wa mutum aya a hannu, in ya tafi kuma ya bar tabo. Kusan 1 cikin 10 na masu wannan ciwo ne ke samun babban. Wanda ya saba da ƙananan yana iya wayar gari da babba, musamman in jiki ya yi rauni ko damuwa ta yi yawa.

Abin da ke faruwa a wurin shi ne, sojojin garkuwar jikinki ne da kansu suke far wa shimfiɗar cikin baki a wani ɗan wuri, su cinye saman fatar, jijiyoyin jin zafi su kasance a buɗe. Shi ya sa ɗigon ruwan lemo kan sa hawaye. A irin wannan gyambo babu ƙwayar cutar da ta shigo daga waje, saboda haka in shi ne, maganin kashe ƙwayoyin cutar da kika sha bai sami abokin faɗa ba, wahalar da cikinki kawai ya yi. Farin nan na tsakiya kuma mutane da yawa suna ɗaukarsa mugunya ce, su sa tsinke ko auduga su kankare. Rufi ne da jiki ya shimfiɗa wa mikin, kamar ɓawon da ke bushewa a kan ciwon gwiwa, sai dai shi a cikin yawu yake, ba ya bushewa. Ki bar shi a wurinsa.

Na biyu, kuma shi na fi zargi, haƙorin nan da ya gutsure. Kin ambace shi a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba, ni kuwa a kansa idona ya tsaya. Yau da dare ki tsaya gaban madubi, ki kunna fitilar waya, ki bar harshenki ya kwanta yadda yake kwanciya in ba kya magana. Ki duba inda gyambon ya faɗa. In ya yi daidai da bakin haƙorin, kin ga mai laifi. Ki wanke hannu ki shafa haƙorin da ɗan yatsa, za ki iya jin wani kaifi kamar na fasasshen tangaran. Harshe ba ya hutawa. Kina magana yana gogar wurin, kina haɗiyar yawu yana gogarsa, cikin barci ma haka. Kullum jiki ya ɗinke, haƙori ya farke.

Ni kaina na taɓa yin wannan wautar. Cikon da aka yi mini a wani haƙori ya ɓalle gefe guda, na yi makonni ina shafa magani iri-iri a kumatu ina tsine wa masu yin maganin. Ranar da na gaji na je, likitan ya sa ɗan injinsa ya goge kaifin, ko minti biyar ba a yi ba. Kafin kwana goma wurin ya rufe. Ƙa'idar ke nan: in rauni ne ya jawo gyambo, da an kawar da abin da ke gogarsa ya kamata ya warke cikin mako biyu. In bai warke ba, to ba haƙorin kaɗai ba ne, sai a zurfafa bincike.

Na uku, asfirin. Don Allah kada ki sake. Asfirin asid ne, an yi shi don a haɗiye, in ya zauna a kan naman baki ƙona shi yake yi, wurin ya yi fari ya saɓule. Faɗin da kika ga ya ƙaru bayan kin barbaɗa, mai yiwuwa ƙuna ce ta hau kan gyambo. Haka nan ɗanyen gishiri, da sifirit, da garin kafso da ake buɗewa a zazzage a ciki. Mutane suna ganin in abu ya yi raɗaɗi to yana aiki, shi ya sa ake ta azabtar da baki a banza.

Sai batun al'ada da gajiya, wanda na ji daɗi da kika faɗa, don mata da yawa ba sa haɗa shi da ciwon baki. Zubar jini mai yawa wata bayan wata yana ƙarar da sinadarin ƙarfe a jiki. Shimfiɗar cikin baki kuwa kullum cikin sabunta kanta take, tana buƙatar ƙarfe da folik asid da bitamin B12 don ta yi hakan. In ɗayansu ya yi ƙasa, fatar kan yi siriri, gyambo ya riƙa fitowa a kai a kai, ya kuma yi nawar warkewa. Ki roƙi likita a yi miki cikakken gwajin jini, a auna ma'ajiyar ƙarfe da ake kira feritin, da folet, da B12. Kada ki riga gwajin da sayen maganin ƙarin jini. Yana iya rikita sakamakon, kuma folik asid yana iya gyara ƙarancin jini a takarda alhali rashin B12 yana can yana taɓa jijiyoyi ba a sani ba. Yawan jinin al'adar ma ciwo ne mai zaman kansa, a duba dalilinsa. In ba haka ba, ana zubawa ta sama yana tsiyayewa ta ƙasa.

Me kike sha in al'ada ta zo da ciwon mara? Na tambaya ne saboda magungunan rage zogi irin su ibufurofen da daikulofenak suna tayar wa wasu mutane gyambon baki. Akwai wasu magungunan ma da aka sani da haka, kamar metotirezet da ake ba masu ciwon gaɓoɓi, da nikorandil na ciwon zuciya, wanda gyambonsa kan yi girma sosai kuma ba ya tafiya sai an canza maganin. Duk abin da kike sha, ki tattara kwalayen ki tafi da su.

Likita zai yi miki wasu tambayoyi da za ki ga kamar ba su da alaƙa da baki. Kada kunya ta sa ki ɓoye. Zai tambaya ko irin wannan gyambo yana fito miki a al'aura, ko idonki ya taɓa yin ja da zafi, ko gaɓoɓi suna ciwo. Yana neman wata cuta ce mai kumbura jijiyoyin jini, wadda aka sa wa sunan likitan fata ɗan Turkiyya Hulusi Behçet, da ya bayyana ta a 1937. Zai tambaya ko kina yawan gudawa, ko jini a bayan gida, ko kina ramewa, don wasu cututtukan hanji, har da wadda ke hana jiki jure wa alkama, sukan fara nuna kansu a baki. Yana iya cewa a yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da na tunjere. In ya faɗa, kada ki ɗauka zargi ne a kanki ko a kan maigidanki. Duk mai babban gyambon da ya ƙi warkewa ana yi masa, saboda suna cikin abubuwan da ke kawo shi kuma suna da magani.

Yanzu kansa. Ba zan ce miki ki cire ta daga rai kwata-kwata ba, don ban ga bakinki ba, kuma gefen harshe yana cikin wuraren da ta fi kamawa. Amma ga yadda ta saba zuwa. Ta fi samun waɗanda suka manyanta, masu shan taba ko tauna ta, da masu shan giya, balle wanda ya haɗa biyun. Da farko sau da yawa ba ta da zafi, abin da ke sa mutane su yi sakaci ke nan. In an taɓa gefenta ana jin tauri kamar guringuntsi, bakinta a naɗe, tana saurin jini, wani lokaci da farin tabo ko ja a kusa wanda ba ya gogewa, ko wurin ya mutu ba a jin taɓi, ko kaluluwa mai tauri marar zafi a wuya. Ke kuwa shekararki 34, ba kya shan taba, naki yana da azaba, kina da tarihin gyambo, ga haƙori mai kaifi a kusa. Ma'auni ya rinjaya ɓangarenki sosai. Sai dai takan kama matasa marasa shan komai jefi-jefi, kuma babban gyambo na yau da kullum yana iya yin kama da ita har ƙwararre ya kasa rabewa da ido. Hoton intanet kuwa ba abin da zai gaya miki, don mafi munin ake ɗorawa.

Abin da ke raba gardama shi ne a ɗebi ɗan nama a duba a madubin likita. Na san jin haka kaɗai yana tayar da hankali, to bari in gaya miki yadda ake yi. Allurar kashe zafi ce irin ta cire haƙori, a yanki ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa ko ya ɗan fi daga gefen gyambon, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, ki koma gida a ranar. Kuma ba kowa ake yi wa ba. Mai yiwuwa a gyara haƙorin a ce ki dawo bayan mako biyu. Tsoron jin sakamako na fahimce shi, amma ki duba wannan: a alƙaluman Amurka, cikin waɗanda aka gano musu kansar baki tun ba ta bar inda ta tsiro ba, sama da 8 cikin 10 suna nan da ransu bayan shekara biyar. Adadin yana raguwa sosai in ta bazu. Ko da abin da kike tsoron ne, zuwan wannan makon shi ne gatanki. In kuma ba shi ba ne, wanda shi na fi zato, kin sayi barcinki.

Kafin ranar, ga abin da zai rage miki wahala. Ki zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ki kurkure a hankali ki zubar, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. A kantin magani akwai ruwan kurkure baki na kulohekzidin. Ba ya warkar da gyambon amma yana hana ƙwayoyin cuta hawa kansa. Sau biyu a rana, minti ɗaya, ki tofar. Ki bar tazarar rabin awa tsakaninsa da goge baki, kuma kada ki firgita in haƙora suka ɗan yi duhu, yana fita. Don ki samu ki ci abinci, akwai man lidokain ko feshin benzidamin masu kashe zafin wuri. Dabarar man ita ce ki fara tsane gyambon da auduga mai tsabta, sannan ki ɗiga kaɗan, ki jira 'yan mintuna. In kika shafa a kan yawu, zamewa zai yi ki haɗiye. Ki kula kada ki ciji harshen yana mace, kuma ki ajiye man nesa da yara. In zogi ya hana barci, farasitamol ya isa: ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci guda, kada ya wuce ƙwaya takwas cikin awa 24.

Abinci mai laushi, mai sanyi ko ɗumi-ɗumi. Ki huta da mai yaji, da mai tsami, da mai ƙaras-ƙaras, da shayi mai tururi. Abin sha mai sanyi ki ja da tsinken roba ta ɓangaren dama. Kada ki daina goge baki don tsoron zafi, buroshi mai laushi za ki nema. Ki kuma juya bayan man goge bakinki ki karanta: in kin ga sodium lauryl sulfate, sinadarin da ke sa kumfa ke nan, yana tsananta wa wasu masu irin ciwonki. Ki gwada wanda ba shi da shi na wata biyu ki gani ko fitowar ta ragu.

Ainihin maganin babban gyambo yana hannun likita, kuma yawanci dangin sitiroyid ne masu kwantar da garkuwar jiki a wurin. Akwai na shafawa mai manne wa nama, tirayamsinolon, akwai ƙwayar betametason da ake narkarwa a ruwa a kurkure a tofar. In abin ya yi tsanani akan ba da firednisolon na sha na 'yan kwanaki, masu yawan dawowa kuma akan sa su a kan kolcisin. Can ƙarshe akwai talidomaid, maganin da ya jawo haihuwar dubban jarirai da nakasar hannu da ƙafa a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960. Ƙwararru kaɗai ke ba da shi, da tsauraran sharuɗɗa. Shi ya sa in kina da ciki, ko kina nema, ko kina shayarwa, ki faɗa tun kafin a ɗauki biro. Na lissafa miki sunayen ne don ki gane abin da aka rubuta miki. Kada ki je ki sayi sitiroyid da kanki kafin a duba, saboda in ƙwayar cuta ce ta kawo gyambon zai ƙara mata ƙarfi, in kuma wani abu ne daban zai lafar da zafin ki ga kamar an samu sauƙi, makonni su ƙara tafiya. Man shafawa na fata kuma ba ya shiga baki.

Maigidanki fa, kada ki riƙe shi a zuciya. Tsoro ne irin na uba. Mai yiwuwa ya haɗa shi da ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, waɗanda su kam ana ɗauka ta sumba da kofi. Irin gyambon da kike yi tun ƙuruciya ba ya yaɗuwa, haka ma wanda haƙori ya jawo. In yaran za su yi, ta jini za su gada, cokali ba ruwansa. Ki ce ya raka ki asibitin ya ji daga bakin likita, zai fi saurin mayar da kofin cikin 'yan'uwansa, ke ma kin sami wanda zai riƙe miki hannu a layi.

Akwai alamun da ba sa jiran ranar ganin likita. In kika kasa haɗiyar ko da ruwa har fitsari ya ragu, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe ki, ko ƙarƙashin harshe ko haɓa ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, ko wurin ya ɓalle da jinin da ya ƙi tsayawa, ki tafi a ranar ko da dare ne.

Daga yau ki riƙa ɗaukar hoton gyambon duk bayan kwana biyu, a wuri ɗaya da haske ɗaya, don ido yana yaudarar mai kallon ciwonsa kullum. Idan kin zauna gaban likita, maganarki ta farko ta zama yawan kwanakin da ya yi, sannan haƙorin, sannan asfirin. Kada ki ɓoye asfirin ɗin don jin nauyi, yana canza yadda za a karanta mikin. Kuma kada ki fito da takardar magani kaɗai. Ki fito da ranar dawowa a rubuce, mako biyu bayan an gyara haƙorin. In ranar ta zo gyambon yana nan yadda yake, ki buɗe baki da kanki ki ce a ɗebi naman a gwada.

Allah ya ba ki lafiya. Ki rubuto mini abin da gwajin jinin ya nuna.